Muddin Takalmi Yana Shiga

Kullum da safe, kafin ya fita shago, matar Baduku takan ajiye duk abin da ke hannunta ta zo ta tsaya a kansa. Shi kuwa yana zaune a bakin gado, baƙin takalminsa sau-ciki a gabansa. Sai ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu, ya buga dunduniya a ƙasa sau biyu, sannan ya ɗago ya dube ta.

"To, Sufeto, na ci jarrabawa?"

"Taka in gani."

Sai ya miƙe ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, yana jefa ƙafa kamar sabon soja. In ta ga takalmin ya shiga ba gardama, sai ta sauke numfashi ta koma kan aikinta. Wata bakwai cur suka yi a haka.

Asalin abin daga bakin Likita ya fito. Ranar da aka tabbatar musu cewa ƙodar Baduku ta gaji, irin gajiyar da hutu ba ya warkarwa, Likitar ta yi dogon bayani tana zane-zane a takarda. Matar Baduku ba ta yi nisa a makaranta ba, rabin maganar ta bayan kunnenta ya wuce. Da Likita ta lura sai ta ajiye biro.

"Mama, bari in ba ki abu ɗaya ki riƙe. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da ruwa duka. Ruwan taruwa yake yi, daga ƙafa yake farawa, ya yi ta hawa har ya kai ƙirji. Kuna da sikeli a gida?"

"Babu."

"To ki sa ido a kan takalminsa. Ranar da ya ƙi shiga, ko ya matse shi, kada ku jira ranar da na rubuta muku. Ku zo a ranar."

Ta riƙe maganar nan kamar yadda makaho ke riƙe sandarsa. Ta rage gishiri a girki har abinci ya koma lami, ta ware masa kofi guda na auna ruwan sha, ta jera magungunansa a kan taga inda ido zai riƙa faɗa musu. Amma duk waɗannan a wurinta 'yan rakiya ne. Takalmin shi ne alƙali.

Baduku ba ya tsoron mutuwa, ko kuma haka yake cewa. Abin da yake tsoro ɗaya ne: na'urar wankin ƙoda. Yayansa ya shekara biyu a kanta, kuma shi ne yake raka shi sau uku a mako. Ya zauna a gefe ya ga jini yana fita ta wata robar yana dawowa ta wata, awa huɗu, mutum a kwance ba damar ya ko sosa hanci da hannun da aka ɗaure. Ya ga yadda ake sauko da yayan kamar tsumman da aka matse. Tun daga lokacin yake cewa, "Ni dai kowace irin tafiya ta zo, ban da wadda za a turke ni kamar akuya." Matarsa takan ce masa ya daina yi wa kansa baki, shi kuma ya yi dariya ya ce baki ba ya sa ƙoda ta lalace, in ba haka ba da tata ta riga tasa.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Sanyi ya fara kawowa. Mutumin da a da yake kwana da taga a buɗe, sai ga shi da safa biyu a ƙafa ko da rana tsaka, yana neman bargo. Tafin hannunsa, wanda shekara da shekaru man takalmi ya rine, ya koma fari fat a tsakanin tabo da tabo. Cikin idonsa in ta ja fatar ƙasa, babu ja ko kaɗan, sai ka ce farar takarda. Ɗakinsu a hawa na biyu yake, matakala goma sha huɗu. A da a guje yake hawa da buhun takalma a kafaɗa. Yanzu sai ya tsaya a ta bakwai ya dafa bango, yana kallon wata tsaga a jikin siminti kamar mai karatu.

"Me kake dubawa?" takan tambaye shi daga sama.

"Ginin nan ba zai kai jikokinmu ba," in ji shi, bayan ya samu numfashin magana.

Da suka koma asibiti karo na biyu, Likita ta daɗe tana duban takardar gwajin jini.

"Baba, jininka bai hau ba. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙo ya yi jini. Taka ta daina aikawa, shi ya sa muke maka allura a madadinta. Amma saƙon ba ya isa. Gwajin ya nuna akwai wata wuta da ke ci a ɓoye a jikinka, ita ke tare hanya. Kana da gyambo? Wani wuri yana maka zogi?"

"Lafiyata ƙalau."

"Haƙorinsa," in ji matar. "Na hagu, na ƙasa. Ya fi shekara yana taunawa da gefe ɗaya."

Baduku ya harare ta, amma ya buɗe baki. Likita ta haska da 'yar fitila, ta ja da baya kaɗan.

"Wannan sai an cire shi. Dasashin duk ya ruɓe."

"Ranki ya daɗe, shekara talatin da biyar da shi nake jan zare. In kin cire shi kin cire mini hannu na uku."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta matso da kujerarta.

"Saurare ni da kyau. A yanzu ba ƙodarka nake tsoro ba, zuciyarka nake tsoro. Jinin ya yi ƙaranci, ya tsinke, dole zuciya ta buga biyu inda a da take buga ɗaya. Ga wutar nan tana cin hanyoyin jini a hankali. In ruwa ya zo ya taru a kan wannan, an ɗora wa gajiyayye kaya. Masu irin ciwonka da yawa ba ƙodar ce ke fara kayar da su ba."

Ta rubuta masa takarda zuwa wurin likitan haƙori, ta ba su ranar dawowa bayan wata uku.

A cikin bas, Baduku fuskarsa kamar an yi masa bushara.

"Kin ji da kunnenki ko? Ta ce ba ƙodar take tsoro ba."

"Ta kuma ce zuciya."

"Zuciya ai ta kowa bugawa take. Ke taki da take bugawa in kin ga ɓera, wa ya kai ki asibiti?"

Ta yi murmushi ba da son ranta ba. Gaskiyar magana, ita ma abin da ya fi zama mata a kunne ke nan. Ƙoda suka sani, ƙoda suka gani ta cinye yayansa. Zuciya kuwa, a tunaninta, ta masu teɓa ce da masu fushi, shi kuma ba ya cikin ko ɗaya. Takardar likitan haƙori ta shiga aljihun rigarsa, aka wanke ta tare da rigar.

Ranar komawa ta zo. Ta tashi da wuri ta goge masa kaya. Ya zauna a bakin gado, ya zura dama, ya zura hagu, ya buga dunduniya.

"Ya shiga ko bai shiga ba?"

"Ya shiga."

"To me za mu je mu gaya mata? Mu yi layi tun safe har azahar don mu ce mata takalmi yana shiga? Ga shi aikin mutane ya taru mini."

Ta tsaya da rigar a hannu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ta ga kamar idon sawunsa ya cika safa fiye da da, ta ga kuma makonni biyu ke nan ya bar gado ya koma barci a kujera da matasai uku a baya, wai bayansa ne ke ciwo. Sai dai abin da mutum ke gani kullum ba ya ganin girmansa, kuma wace ce ita da za ta fifita idonta a kan maganar Likita? An ce takalmi. Takalmi kuwa ga shi a ƙafa.

Ta rataye rigar. Da 'yarsu ta bugo waya daga garin da take aure, ta ce mata, "Babanki da sauƙi. Har asibitin ma ba mu je ba."

Bayan mako biyar, wata Talata, ya fita ya manta da maganinsa na rana a kan taga. Ba ta cika zuwa shagon ba, don ya ce mata zuwanta yana korar masa 'yan mata masu kawo gyara. Ranar dai ta ƙulle ƙwayoyin a leda ta fita.

Shagon wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani dogon gini, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da ƙwan fitila. Mai Agogo, abokinsa na shekara ashirin, yana zaune a bakin tebur da gilashi a ido ɗaya. Da ya gan ta sai ya cire.

"A'a, yau uwar ɗakinmu ce da kanta. Mutumin naki yana ciki yana aikin da ya fi iyawa yanzu."

"Wane aiki?"

"Barci mana. In ba barci ba, to takalminsa. Ni ban taɓa ganin baduku mai son kansa irin wannan ba. Takalman mutane sun yi tsibi suna ta zuwa suna zaginsa, shi kuwa nasa yake ta ɗinkawa. Na ce masa, kai ƙafa nawa gare ka?"

Ta ɗaga labulen buhu ta shiga.

Warin gam da fata ya tare ta. Baduku yana zaune a kan benci, ya jingina da bango, baki a buɗe, ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri kamar na tsuntsu. Ya cire safa ya ɗora ƙafafunsa a kan akwatin kayan aiki. Ta daɗe rabon da ta gan su tsirara a cikin haske. Ba ƙafafun da ta sani ba ne. Sun cika sun yi sheƙi, yatsun sun nutse a ciki, babu idon sawu, babu jijiya, tun daga tafi har gwiwa abu ɗaya ne kamar turmi.

A kan kantar shagon, sama da kansa, ga baƙaƙen takalma sau-ciki ƙafa uku a jere. Iri ɗaya sak. Ta farko ita ce wadda ta sani, wadda ya je asibiti da ita ranar farko. Ta biyu ta fi ta faɗi kaɗan. Ta uku ta fi ta biyu. Kowacce da 'yar ƙujewa a kan babban yatsa na dama, daidai inda ta asalin ta ƙuje a jikin ƙofar bas shekara biyu da suka wuce. Kowacce dunduniyarta ta ci ta gefen waje, yadda tafiyarsa ke cin takalmi. Ya zauna ya goge sabuwar roba da takardar yashi har ta tsufa. Wadda ya fito da ita da safe tana ƙasa kusa da benci, ita ce ta huɗu. A kan tebur kuma ga ta biyar an ɗora ta a ƙafar katako, basilla a soke a jikinta, zare yana reto.

Ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Ta sa babban yatsanta a ƙaurinsa ta danna. Yatsan ya shige kamar a cikin ƙullu. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya yana kallon ta.

Ya buɗe ido. Ya dube ta, ya dubi kantar takalman, ya sake duban ta. Bai yi yunƙurin rufe ƙafafun ba.

"Wa ya ce ki zo?"

"Ka manta maganinka."

Daga waje ana jin ƙarar motoci da ɗan tik-tik na agogunan maƙwabci.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Ta farko ta fara matse ni wata biyu bayan an faɗa miki. Na jiƙa ta na buɗa, ta yi mako uku. Daga nan sai da sabuwa."

"Har da ƙujewar."

"Ai ke ba a yi miki aikin ganganci. Kin fi masu kawo gyara ido."

Ya so ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Kullum ina tsaye a kanka kamar wawiya. Kullum ina cewa Alhamdu lillahi. Na ce wa 'yarka kana da sauƙi."

"Da na bari ya ƙi shiga, da yanzu ina kwance an soka mini roba." Ya tsaya ya ja numfashi, ya sake ja. "Ke ba ki zauna a ɗakin nan ba. Ni na zauna. Na ce ko wata shida na samu a kan bencina, da guduma a hannuna, ai riba ce."

"Ni fa? Ni ba ka tambaye ni ko nawa nake so ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannayensa farare.

"Tashi," ta ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Bari in ƙarasa wannan, saura dunduniya."

"Ba za ka sa komai a ƙafar nan ba. Haka Likita za ta gan su."

Mai Agogo ne ya tsayar da tasi. Da ya ga ƙafafun, barkwancin ya mutu a bakinsa. Shi da direba suka kama Baduku suka sa shi a baya, don taku shida daga benci zuwa bakin titi ya gagare shi. A hanya bai iya jingina ba, sai ya dafa kujerar gaba ya kifa goshinsa a kai. Tana jin numfashinsa yana kurkur kamar ana hura ruwa da tsinke.

A asibiti an ɗauke shi a keken marasa lafiya, aka sa masa robar iska a hanci, aka yi masa allurai, aka shafa wani abu a ƙirjinsa ana kallon allo. Ita tana zaune a benci a baranda, ledar maganin rana har yanzu a hannunta. Sai bayan la'asar Likita ta fito ta zauna kusa da ita.

"Mama, na ce miki ranar da takalmi ya ƙi shiga."

"Bai taɓa ƙi ba."

"Da waɗannan ƙafafun?"

"Sana'arsa ce. Shi yake ɗinka su."

Likita ta daɗe tana kallon katin da ke hannunta, inda aka rubuta masa "sana'ar hannu" kawai.

"Ban tambaya ba," ta ce a hankali.

"Mu ma ba mu faɗa ba." Matar Baduku ta gyara zama. "Yanzu na'urar za ku ɗora shi?"

"A'a."

Har ta fara murna, amma fuskar Likita ba ta bar murnar ta yi nisa ba.

"Bari in gaya miki yadda abin yake, don ke mai son magana a miƙe ce. Lokacin da ƙafar ta fara kumbura, ƙodarsa ba ta kai ga wanki ba. Da kun zo, ƙwaya zan ƙara masa ta fitar da ruwa, in gyara allurar jini, a cire haƙorin nan. Zai yiwu ya yi shekaru bai ga na'ura ba. Yanzu zuciyar ta yi wata da watanni tana tura jinin da bai isa ba, ga ruwa ya danne ta. Ta buɗe, ta saki, kamar robar da aka ja har ta daina komawa. Ko mun so mu ɗora shi, ba za ta ɗauka ba."

"To me ya rage?"

"Za mu rage masa ruwan yadda za mu iya, ya samu sauƙin numfashi. Kuna da 'ya'ya a nesa?"

"Ɗaya."

"Ki kira ta."

Matar Baduku ta zauna har Likita ta tafi. Wata mai shara ta zo ta ce ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga. Sannan ta tashi ta wanke fuskarta a famfon da ke ƙarshen baranda, ta goge da gefen mayafi, ta shiga ɗakin.

Gado na huɗu ne, kusa da taga. An tayar masa da kan gadon, allurar ta fara aiki, numfashin ya ɗan lafa. Idonsa yana kan ƙofa tun kafin ta shigo.

"Me ta ce?"

Ta ja kujera ta zauna. Ta gyara masa bargo.

"Ta ce ba za su ɗora ka a kan na'ura ba."

"Yau, ko kwata-kwata?"

"Kwata-kwata."

Ya lumshe ido. Wani murmushi ya bazu a fuskarsa, irin wanda ta manta yana da shi.

"Alhamdu lillahi. Kin gani ko? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke dai kin tayar da hankalin unguwa, kin fito da ni ba takalmi kamar ɓarawo." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Kira yarinyar nan. Na san Mai Agogo ya riga ya buga mata, bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ki ce kada ta taso da yara a wannan doguwar hanya. Ki ce an auna, an ce ba sai an yi wankin ba."

Ta ɗauki wayar ta fita baranda. Bugu ɗaya 'yar ta ɗauka.

"Ki taso yau," ta ce mata. "Ki taho da yaran."

Da ta dawo ya juyo da kai a kan matashi.

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata."

"Ta yi murna?"

"Kuka ta yi."

"Haka take," ya ce, yana rufe ido. "Tun tana ƙarama. Abin murna ma sai ta yi masa kuka."